Filin Uwargida: Awa Nawa Ne Daga Jidda Zuwa Kano?

A makon jiya na yi muku alkawarin za mu yi zancen shanya tumatir da tattasai tun ba su yi tsada ba. To, ku gafarce ni, na ɗaga shi zuwa wani makon, gama wani abu ya faru a layinmu nan Unguwa Uku wanda na ga bai kamata in bari ya huce ba.

Wata maƙwabciyata ce, yarinya mai ladabi, ta gama sakandare kafin a yi mata aure. Uwar mijinta ta tafi Umra. Ranar tafiya maigidan ya nuna mata tikitin jirgi, ta ga an rubuta tashi daga Kano ƙarfe 10 na safe, sauka Jidda ƙarfe 5 na yamma. Ta ƙirga da yatsu, awa bakwai, ta riƙe a ranta. Da kwanakin Hajiya suka cika, sai ta ari wayar wata abokiyar tafiya ta bugo da dare, ba ta sami ɗanta ba, ta sami matar. Ta ce, "Ki gaya wa mijinki gobe ƙarfe goma na safe za mu taso." Yarinya ta ce, "To Hajiya, Allah Ya kawo ku lafiya." Ta ɗora bakwai a kan goma, ta ce wa maigida jirgi zai sauka ƙarfe biyar, in ya yi la'asar a kasuwa sai ya wuce filin jirgi. Ita kuwa ta duƙufa a madafa tun hantsi, ga tuwon shinkafa da miyar taushe, ga funkaso, ga zoɓo ba sukari saboda ciwon Hajiya.

Ashe jirgi ƙarfe ɗaya na rana ya sauka.

Kafin ƙarfe biyu Hajiya ta fito da akwatunanta da jarkar zamzam. Layin da ke cikin wayarta na can ne, ya daina aiki, lambar ɗanta kuwa ba ta haddace ba. Abokan tafiya ana ta zuwa ana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, ita tana cewa su tafi, nata na nan tafe. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da ciwon sukari ta zauna kan akwati har wajen ƙarfe biyar. Da aka iso gida ko kallon kwanukan ba ta yi ba. Abin da kawai ta faɗa shi ne, "Wannan ce aka ce mini ta yi boko?" Washegari yarinya ta shigo wurina tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Yaya, wallahi ba da gangan na yi ba. Jirgin ne ya yi sauri."

Jirgi bai yi sauri ba. Da zuwa da komowa duk misalin awa biyar ya yi a sama. Agogo ne ya yaudare ta, kuma ya yaudari waɗanda suka fi ta shekaru da karatu. Bari in warware muku, don kada wata ta sake shan faɗan da ba ta ci ba.

Ku tuna da watan azumi. Kowace mace ta san mutanen Maiduguri suna riga mu shan ruwa, mu kuma muna riga na Sakkwato. In kina da 'yar'uwa a Maiduguri, tana iya bugo miki waya bakinta da dabino, ke kuwa da sauran kusan minti ashirin ki ji kiran salla. Dalili shi ne rana ta gabas take ɓullowa, saboda haka duk garin da ya fi mu gabas yana riga mu ganin fitowarta, yana kuma riga mu ganin faɗuwarta. Masana sun raba kewayen duniya kashi 360, duniya kuwa tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, watau kashi 15 ke nan kowace awa, ko kuwa kashi ɗaya cikin minti huɗu. Kano tana kan kashi takwas da rabi, Makka tana wajen kashi arba'in. Tsakani akwai kashi talatin da ɗaya, in kin buga da minti huɗu sai ki sami awa biyu da 'yan mintoci. A cikin Nijeriya an daidaita kowa ya bi agogo ɗaya, daga Maiduguri har Ikko, don kada a rikice. Amma Saudiyya nata agogon daban, yana gaba da namu da awa biyu cif, rani da damina. In mun ce ƙarfe goma a Tarauni, a Jidda sha biyu ta yi.

To, ga abin da nake so ki rubuta a bayan littafin cefane: duk lokacin da aka rubuta a tikitin jirgi, lokacin garin da aka rubuta a gefensa ne. Na tashi, agogon garin tashi. Na sauka, agogon garin sauka. Hajiya ta bar Kano ƙarfe 10, ta yi awa biyar a sama, a agogonmu ƙarfe 3 ta sauka, su kuwa can suna ce da shi ƙarfe 5. Da za ta komo, goman da ta faɗa ta Jidda ce, a nan ƙarfe 8 na safe ne, yara ba su daɗe da fita makaranta ba. Ɗora biyar a kan takwas, ƙarfe ɗaya ke nan. Mai duban tikiti kurum sai ya ce zuwa awa bakwai, komowa awa uku, alhali hanya ɗaya ce, nisa ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce ki fara mai da lokacin tashi zuwa agogon gida, sa'an nan ki ƙara awoyin tafiya. Kada ki gauraya agogo biyu cikin lissafi ɗaya, kamar yadda ba kya auna gero da mudun Dawanau rabi, da na wata kasuwa rabi.

Tun da mun shiga zancen tikiti, akwai wani tarkon da ya fi wannan cin mutane. Masu jirgi ba sa rubuta safe ko yamma, suna ƙirga awa daga 1 har 24. In kin ga 13:00, cire sha biyu, ƙarfe ɗaya na rana ne. 19:30 bakwai da rabi na dare. Wanda ya fi haɗari shi ne irin 00:30. In an rubuta Talata 00:30, to, sha biyu da rabi ne na daren Litinin wayewar Talata. Ranar Litinin bayan isha'i za ki bar gida. Wadda ta jira sai daren Talata, za ta tarar jirginta ya yi kwana guda da tafiya, kuɗi kuma sai an sake biyan wasu. Haka nan in kin ga +1 a gefen lokacin sauka, nufinsu sai washegari za a isa.

Nisan fa? Daga Kano zuwa Jidda a miƙe, yadda tsuntsu zai bi, kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Ga iyayenmu masu ƙirga da mil, kamar yadda har yau ake cewa Mil Tara a hanyar Katsina, mil ɗaya kilomita ɗaya ne da ɗan fiye da rabi, saboda haka Jidda mil 2,100 ke nan da wani abu. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, yana can sama wajen kilomita goma ko sha ɗaya daga ƙasa, inda sanyi ya fi na cikin firji nesa ba kusa ba. Motar da ke lodi a tashar Unguwa Uku, in direba mai tsoron Allah ne, ba ta wuce 100 a awa. Watau abin da mota za ta kwana ta wuni tana bi, jirgi ya gama shi kafin ki sauke tukunyar wake.

Amma kada 'yar makaranta ta ɗauki 3,400 ta raba da 850 ta ce awa huɗu, shi ke nan. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya yi ta gangarawa a ƙasa zuwa bakin titinsa, wani lokaci ya jira wani ya sauka, sa'an nan ya hau sama a hankali, in ya kusa isa kuma ya rage gudu tun da nisa. Wannan yana cin rabin awa ko fiye a kowace tafiya, gajeriya ko doguwa. Ga iska: can sama akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, musamman a ƙasashen sanyi, ita ce ta sa jirgin da ya taso daga Amurka zuwa Ingila yakan riga mai komawa Amurka isa da kusan awa guda. Har wa yau jirgi ba ya ratsa sararin kowace ƙasa sai da izininta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu na wannan shekara sai da suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi ya ƙaru. Don haka kada ki dogara da abin da wata ta gaya miki na shekarar da ta je. Dubi tikitin da ke hannunki.

Wata 'yar makaranta daga Gyadi-Gyadi ta taɓa aiko mini da tambaya, wai malaminsu ya ce daga Landan zuwa Faris, babban birnin Faransa, jirgi minti ashirin yake yi a dawowa, ita kuwa ba ta yarda ba. 'Yata, kin yi daidai da ba ki yarda ba, amma malaminku ma bai yi ƙarya ba, tsokanarku yake yi. Tsakanin biranen nan biyu kilomita 340 ne da ɗoriya, jirgi yana yin awa ɗaya da kwata ko da minti ashirin. Agogon Faransa yana gaba da na Ingila da awa guda. Wanda ya bar Landan ƙarfe 9 zai sauka Faris wajen 11:20, wanda ya bar Faris ƙarfe 9 zai sauka Landan wajen 9:20. Labarin Hajiya ne sak, sai dai da awa ɗaya maimakon biyu. A kan wannan hanya ce aka fara jigilar fasinja ta jirgin sama kullum tsakanin ƙasa da ƙasa, cikin watan Agusta 1919, a lokacin kuwa awa biyu da rabi ake yi.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, nisan Landan da Faris kusan daidai yake da nisan Kano da Abuja ta sama, wanda bai kai kilomita 400 ba. Mu muna jin an ce ƙasa kaza da ƙasa kaza a Turai sai mu zaci wata uwa duniya ce tsakaninsu, alhali da yawansu maƙwabtan juna ne na kurkusa. Daga Faris zuwa Roma kilomita 1,100 ne, awa biyu. Daga Kano zuwa Ikko, watau Legas, ta sama kilomita 830 ne, awa ɗaya da rabi, kuma ba ki fita ƙasarku ba.

Turawan ma sun gane awa ɗaya da kwatan nan ba ita ce tafiyar ba. Filayen jirginsu suna bayan gari, sai ka yi tafiya ka je, ka yi layin bincike, ka jira, ka sauka ka jira kaya, ka sake neman mota zuwa cikin gari. Tun da aka buɗe ramin da suka haƙa a ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa a 1994, mai tsawon kilomita 50, jirgin ƙasa yana ɗaukar mutum daga tsakiyar Landan ya ajiye shi tsakiyar Faris, yanzu cikin awa biyu da kwata ko ɗan fiye, kuma mutane da yawa shi suka fi so. A 2023 ma gwamnatin Faransa ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama a cikin ƙasarta, inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin awa biyu da rabi.

To, mu auna namu. Maigida ya ce gobe za ki je Abuja biki ko dubiya, ya ce ki zaɓa, jirgi ko mota. In jirgi ne, an ce a iso fili da awa ɗaya da rabi ko biyu kafin tashi. Daga Unguwa Uku sai kin ratsa gari, ki bi titin Zariya ta gaban asibitin Malam Aminu Kano, ki wuce Dangi, ki kutsa har ki fita arewacin gari inda filin yake. In hanya ta yi kyau rabin awa, in kin faɗa cunkoson masu adaidaita sahu, awa guda. A sama ba za ki cika awa ɗaya ba. Sauka da jiran akwati rabin awa. Filin jirgin Abuja kuma yana da nisan wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari. In kin tara duka, awa huɗu da rabi ko biyar ne daga ƙofarki zuwa ƙofar da za ki, in jirgi ya tashi a kan kari. In kuwa lokacin hunturu ne hazo ya rufe gari, ana iya wuni a fili, har a ce a dawo gobe. Mota fa? Tasha tana bakin ƙofarki, sai jiran ta cika. Titin Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna har Zuba kilomita 375 ne, ga ɗan abin da ya rage zuwa cikin Abuja. Awa shida, ko bakwai in an tsaya salla da cin abinci ko an tarar da gyaran hanya. Bambancin bai kai yadda ake zuzutawa ba.

Ban ce ku bar jirgi ku shiga mota ba. Duk mun san abin da ya sa masu hali suke gudun hanyar Kaduna zuwa Abuja tun da masu garkuwa da mutane suka addabe ta a shekarun baya, har jirgin ƙasan ma aka kai masa hari cikin watan Maris 2022. Ga tsohuwa, ko maras lafiya, ko mai tsohon ciki, awa ɗaya a kujerar jirgi ta fi awa shida a matse mutum huɗu a bayan mota. Abin da nake cewa kawai, in za ki yi lissafin tafiya, daga ƙofar gida za ki fara, ba daga ƙofar jirgi ba. Ni dai in Zariya ce ko Kaduna, ba na ko tunani, tasha nake nufa.

In tafiyar ta ƙetare ce lissafin ya fi haka tsawo. Daga Kano zuwa Landan a miƙe kilomita 4,450 ne, tafiyar misalin awa shida. Amma yawancin masu zuwa sai sun bi ta Abuja ko Ikko, ko kuwa su yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa su sake jirgi. Jiran jirgi na biyun nan yakan kai awa uku, yakan kai goma, sai tafiyar awa shida ta koma ta kwana da wuni. Uwar da 'yarta ta tafi wurin miji ko karatu, kada ta ɗaga hankalinta don awa takwas ta wuce ba a bugo ba. Agogon Ingila kuma yana da nasa salon. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, lokacinmu da nasu ɗaya ne. Daga nan har Maris ta zagayo, muna gabansu da awa guda. Faransa da Jamus da Italiya kuwa, lokacin sanyinsu muna daidai, lokacin zafinsu suna gabanmu da awa guda. Nijar agogonmu ɗaya kullum. Mutanenmu na zangon Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana suna bayanmu da awa ɗaya. Dubai tana gabanmu da awa uku, shi ya sa 'yan kasuwarmu in sun bugo da safiyarsu sai su tashe mu tun assalatu.

Wani lokaci in na ji muna ƙorafin awa biyar a jirgi, sai in tuna da kakata. Takan ba mu labarin wani kawunta da ya tafi Makka a ƙasa ya bar ta ana goyonta, bai komo ba sai da aka sa mata rana. A wancan zamani mai niyyar hajji sai ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya bi dangi gida gida ana yafe wa juna. A bi ta Barno, a ratsa Wadai da Darfur, a tsaya a yi noma ko dako a sami guzuri, a ci gaba har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sa'an nan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekaru ake yi. Da yawa ba su isa ba, da yawa kuma sun zauna a hanya, jikokinsu suna Sudan har yau suna jin Hausa. Garin Mai Wurno da ke bakin kogi can, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi, waɗanda suka ci gaba da tafiya gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tashi hajji a 1921, ta Ikko ya bi ya shiga jirgin ruwa, sai da ya je Ingila kafin ya isa Makka. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar kai alhazai da manyan motoci ta hanyar Sudan, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, aka ga kamar an kai ƙarshen sauƙi.

Mai zuwa Ingila kuma, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ya kwana biyu a hanya zuwa Ikko, sa'an nan ya yi mako biyu a teku kafin ya ga Libaful. Jirgin sama kuwa nan Kano ya zo tun ran 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila, suka sauka a filin sukuwa. Daga kusa da Alƙahira suka taso ran 27 ga Oktoba, suna tafe suna yada zango, kwana shida. Yau wannan tafiya awa huɗu ce da wani abu. A 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Kano da Hartum. Da yake jiragen da ba sa iya ɗaukar man da zai kai su nesa, da yawa daga waɗanda suka ƙetaro Sahara daga Turai sukan sauka Kano su sha mai kafin su wuce kudu, shi ya sa sunan filinmu ya kai ko'ina. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya yi ta sauka nan tun daga 1947 har 2012.

Ga wadda za ta hau karo na farko, 'yan abubuwa kaɗan. Tafiyar ƙetare ana so ki isa fili da awa uku. Rubuta lambar wayar mutum biyu na gida a takarda ki soke cikin fasfo, kada ki dogara da waya. Maganin da kike sha kullum, da ɗan abin taɓawa in kina da ciwon sukari, su zauna a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a sa a cikin jirgi ba. In tafiyar ta wuce awa huɗu, ki riƙa motsa ƙafa, ki tashi ki ɗan taka, ki sha ruwa, gama dogon zama yana kumbura ƙafa, yana iya sa jini ya daskare a jijiya. Mai goyo ta ba jariri nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiyar tana buɗe masa kunne. Mai ciki ta tambayi likita tukuna, don yawancin kamfanoni suna neman takardarsa in ciki ya kai wata bakwai, ba sa kuma ɗaukar wadda ta shiga watan haihuwa. Zancen ƙasaru da haɗa salla ki tambayi malaminku tun kina gida. Kuma ko 'yar ɗakinku ce ta ba ki ƙunshi ki kai wa wani, ki kwance shi a gabanta ki ga abin da ke ciki.

Maƙwabciyata fa? Bayan kwana biyu na sa mayafi na raka ta yi wa Hajiya barka da sauka. Muka gaisa, aka ba mu zamzam da dabino da bagaruwa. Ina zaune sai na hangi agogon da ta sayo a Makka ɗaure a hannunta. Na ce, "Hajiya, ƙarfe nawa?" Ta duba ta ce bakwai. Na nuna mata na bango, yana cewa biyar, ga rana ba ta ko faɗi ba. Ta ce ai tun da ta dawo take cewa a sake wa na bangon batir. Na ce, "Ranki ya daɗe, na bangon lafiyarsa lau, naki ne har yanzu yana Makka." Na yi mata bayani kamar yadda na yi muku, da misalin shan ruwan Maiduguri. Ta yi shiru, ta kwance agogon ta miƙa wa surukar tata ta ce ta gyara mata. Sa'an nan ta ce, "To, ke me ya hana ki tambaya?" Yarinya ta sunkuyar da kai. Da za mu fito dai an ba ta turmin atamfa da kwalbar turare cikin tsaraba.

'Yan makaranta, ga naku aikin. Jirgi ya tashi daga Jidda ranar Alhamis 01:15, ya yi awa biyar a sama. A agogon Kano ƙarfe nawa ya tashi, kuma wace rana? Ƙarfe nawa zai sauka? In mai tarye yana Unguwa Uku, ƙarfe nawa ya kamata ya bar gida? Ku aiko da amsa ofishin jarida, ku rubuta ajinku da makarantarku. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu sai tumatir da tattasai, kowa ta tanadi tabarma mai tsabta da wuƙa mai kaifi.

Taku,
Uwargida